Sarkin da Kiyashi ke Bi

An yi wani sarki a birnin Tudun Marke, sunansa Haliru ɗan Abdussalami, wanda Allah ya hore wa daula da yalwar ƙasa, ya kuma ba shi kwarjinin da in ya ɗaga gira fada kan yi tsit. A ƙuruciyarsa mahayi ne kuma mafarauci, siririn mutum kamar gora, amma tun da rawani ya hau kansa sai ya sauka daga doki ya hau shimfiɗa, ya mai da akushi abokin hirarsa. Ba ya karya kumallo sai da alkaki da nakiya tsamo-tsamo cikin zuma, ba ya cin rana sai da kitsen rago da shinkafa tana iyo a man shanu, furarsa kuwa sai an zuba mata zuma har ta fi ƙarfin harshen kowa. Duk abin da ya fito daga lambu ya kira shi abincin awaki, ya hana a kawo shi gabansa.

Aka yi shekaru a haka, har jikinsa ya yi nauyi, ƙishirwar da randa ba ta kashewa ta kama shi, yawan zagayawa ya hana shi zaman fada mai tsawo. Daga baya kuma sai abin da maza ba sa iya faɗa ya same shi: ƙarfinsa na ɗa namiji ya yi sanyi, sha'awa tana nan a zuciya amma jiki ya ƙi amsa kira. Kunya ta sa ya ƙaurace wa matarsa Ramlatu, wadda yake so ƙwarai, ya bar ta tana zaton laifi ta yi. A ɓoye ya nemo wani boka mai suna Ɗan Baiwa, wanda ya riƙa kawo masa maganin maza a kwaɓe da zuma da dabino da mazarƙwaila. Sarki yana lasa safe da yamma, al'amari kuwa sai ƙara lalacewa yake yi.

Ana cikin haka sai kiyashi suka bayyana. Bayin fada suka wayi gari suka ga wani siririn layi baƙi ya fito daga makewayin Sarki, ya bi gindin katanga, ya fita ta rariya, ya ratsa fili bai karkata ko'ina ba, har ya shiga kushewar sarakuna da ke bayan fada, ya nutse cikin wata tsaga a kan kabarin mahaifin Sarki. Aka zuba ruwan zafi, aka barbaɗa toka, kashegari layin ya dawo kamar an ja shi da alƙalami. Aka mai da Sarki wani soro, aka yi masa sabon makewayi. Kiyashin suka bar tsohon wurin suka nemo sabon, alhali ga makewayin mutanen gida birjik ba su kula ko ɗaya ba. Daga nan fada ta cika da raɗa. Masu shara suka daina bi ta bayan gida su kaɗai, mata suka riƙa cewa matattu ne ke aiko wa Sarki manzanni. Shi kansa Sarki, in ya fito ya ga layin yana motsi shiru, ba gaggawa ba tsayawa, sai tsoro ya kama shi.

Ya kira Ɗan Baiwa. Bokan ya baje rairayi, ya yi zane ya share, ya sake yi, sa'an nan ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ɗaure ka aka yi. An kulle mazakutarka a kwaɗo an binne a kabarin mahaifinka, kiyashin nan kuwa bayin asirin ne, su ke kai maka shi kullum. Wanda ya yi aikin nan ɗan'uwanka ne na jini, kuma hannunsa ba ya rabuwa da ƙasar kabarin."

Mutum ɗaya ne wannan siffa ta dace da shi, wato Badamasi, wan Sarki, wanda masu zaɓe suka tsallake suka naɗa ƙanensa. Tun daga lokacin ya gina ɗan gida kusa da kushewa, yana share kaburbura yana karatunsa, ba ya shiga sha'anin kowa. Sarki ya sa aka kama shi, aka buga masa mari a ƙafa, aka jefa shi kurkuku. Ya kuma yi umarni a tone kabarin mahaifinsu a fito da kwaɗon, sa'an nan a sare kan Badamasi.

A nan ne Waziri Ɗalhatu ya matso. Dattijo ne da ya yi wa mahaifin Sarki hidima, ya yi zurfi a fiƙihu, ya kuma karanci ilimin ɗibbu, wato likitanci, a ƙuruciyarsa. Ya nemi a ba su wuri, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kabarin da aka tone ana iya mai da ƙasarsa, amma kunyar tonon ba ta komawa, kan da aka sare kuwa ba ya komawa wuya. Ina roƙon a jinkirta duka biyun har a sami hujjar da ta fi zanen rairayi."

Sarki ya dube shi da jajayen idanu, ya ce, "Waziri, kai ka goye ni, don haka zan saurara maka. Kafin watan nan ya mutu ka zo mini da bayanin abin da ya haɗa kiyashin nan da ni, da abin da ya kashe mini jiki. In ka kasa, za a tone kabarin, Hauni mai sare kai ya gama da Badamasi, kai kuma ka ajiye rawaninka."

Waziri ya tafi kushewa da tsakar rana, lokacin da inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, ba motsin kowa sai kukan kurciya daga nesa. Ya tsuguna a gefen kabarin tsohon ubangidansa, ya yi masa addu'a, sa'an nan ya sunkuya ya zura wa layin ido. Ya daɗe a haka kafin ya lura da wani abu: kiyashin da ke fita daga kabari zuwa fada sirara ne, cikinsu a shafe, waɗanda ke dawowa kuwa cikinsu ya kumbura yana ƙyalli kamar ƙananan duwatsun ado. Ashe ba sa kai wa Sarki kome. Ɗebowa suke yi daga gare shi, ɗigo-ɗigo, suna shigewa da shi ƙarƙashin ƙasa. Nan take Waziri ya tuna ƙarshen wanda ke kwance a kabarin: yadda idonsa ya dushe, yadda ɗan ƙaramin ciwo a yatsar ƙafa ya ƙi warkewa har ya ci ƙafar, da yadda masu jinya ke kaɗe kiyashi daga shimfiɗarsa ba wanda ya tambayi dalili.

Daga nan ya nemi iznin magana da Ramlatu ta bayan labule. Ya ce, "Ranki ya daɗe, na san tambayar da zan yi tana da nauyi, amma rai na rataye a kanta. Abin da ya sami Sarki, dare ɗaya ya faɗo masa, ko a hankali ya zo?"

Ramlatu ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "Baba Waziri, a hankali ya zo, kamar yadda fitila ke yi in mai ya fara ƙarewa. Ƙishirwar ce ta riga, sai yawan fita, sai ya fara cewa tafin ƙafarsa kamar ana tsira masa ƙaya. Ni ban taɓa ƙosawa da shi ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ya gaya wa boka, ni bai gaya mini ba."

Waziri ya koma wurin Sarki ya roƙe shi su fita su biyu zuwa wani lambu a hayin kogi, inda ba kabari, ba kuma sawun Badamasi. A can, ƙarƙashin wata tsamiya mai ramin kiyashi a gindinta, ya jera kasake huɗu. Ya zuba ruwan kogi a na farko, ruwan zuma a na biyu. Ya nemi gafara ya kewaya ya kawo nasa bawalin a na uku, ya kuma roƙi Sarki ya yi haƙuri ya ba da nasa a na huɗu. Suka koma gefe suka zauna. Ba a jima ba kiyashi suka fito. Suka shinshina kaskon ruwa suka wuce, suka kewaye na Waziri ba su taɓa ba, sa'an nan suka rabu biyu, rabi suka rufe kaskon zuma, rabi suka rufe na Sarki, har bakinsa ya yi baƙi ƙirin.

Sarki ya miƙe tsaye, ya ce, "Su ma waɗannan sun san ni?"

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ba su san sarki ba, ba su san talaka ba, zaƙi kaɗai suka sani. Zumar da kake sha ta fi ƙarfin abin da jikinka ke iya sarrafawa, ta cika jininka har tana tsiyaya ta mafitsara. Masana ɗibbu sun ce hanyoyin jini a jikin mutum kamar magudanan lambu suke, in zaƙi da kitse suka yawaita sai su riƙa lalata su, kuma sirara ne ke fara toshewa. Na mazakuta suna cikin mafi siranta, shi ya sa rauninta kan zama ɗan aike na farko. In ba a saurari ɗan aiken ba, sai saƙon ya isa ido, ya isa ƙafa, ya isa zuciya. Haka ya yi wa mahaifinka ina tsaye, ban gane ba sai yanzu."

Sarki ya ce a fusace, "Wato kana nufin ni na yi wa kaina sammu?"

Waziri ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ban isa in faɗi haka ba, Zaki. Na dai ce kwaɗon da ake nema ba ya cikin kabari. Maganin da Ɗan Baiwa ke ba ka kuwa, itace ne ake ƙara wa wutar da ake son kashewa."

Sarki ya daɗe yana kallon kaskon, sa'an nan ya zauna a ƙasa, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba, ya ce, "Akwai mafita?"

"Ba na yi maka alkawarin ciwon zai tafi," in ji Waziri, "amma yana kwantawa in an daina ciyar da shi. A janye zuma da alkaki da kitse. A dawo da tuwon dawa daidai ciki, da wake, da kifi, da zogale da rama da kuɓewa. Ka riƙa taka ƙasa da ƙafarka har gumi ya fito. Ka kuma gaya wa iyalinka gaskiya, domin fargaba da ɓoyo su ma suna kashe jikin namiji. Waraka kuwa ta Allah ce."

Daga lambun Sarki bai zarce gida ba, kurkuku ya nufa. Ya sa aka cire wa Badamasi mari a gabansa, ya ga yadda ƙarfen ya ci idon sawunsa har ya yi gyambo. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, na zalunce ka. Ka faɗi abin da kake so a ƙasar nan."

Badamasi ya ce, "Na yafe maka, Haliru, duniya da lahira. Ba na son gona, ba na son sarauta. In ka ga dama, ka riƙa zuwa gidana da ƙafa ranar Juma'a mu ci tuwo a akushi ɗaya. Da kana zuwa, da ka san ni, da boka bai gaya maka ko ni wane ne ba."

Haka kuwa aka yi. Farkon al'amari ya yi wa Sarki wuya, har yakan ture miyar zogale ya kwana da yunwa, Ramlatu tana lallashinsa, domin yanzu ita ta karɓi sha'anin abincinsa da hannunta. Damina ta wuce, kaka ta shigo, nauyin jikinsa ya ragu, ƙishirwa ta lafa, abin da ya yi sanyi ya fara dawowa a hankali kamar yadda ya tafi, ko da yake bai koma na ƙuruciya ba. Badamasi kuwa ɗingishi bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa, kuma duk Juma'a Sarki yana ganin wannan ɗingishin in wansa ya taso tarbarsa.

Sarki ya so ya sa a kashe Ɗan Baiwa, Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ya yi ƙazafi, a hukunta shi hukuncin mai ƙazafi, kada a wuce haddi. Harshensa ya siffanta Badamasi, amma ba shi ya ba da umarnin buga mari ba." Sarki ya haɗiye wannan magana duk da ɗacinta. Aka yi wa bokan bulala a gaban alƙali, aka hana shi sana'ar.

Sa'an nan Sarki ya tara fada, ya yafa wa Waziri Ɗalhatu alkyabbarsa, ya ba shi lambun hayin kogi, ya kuma kafa doka cewa daga ranar ba a kama kowa a ƙasarsa da maganar mai duba, sai da shaida da hujja, ko da Sarki ne mai ƙara.

Masu hikima sun ce farkon adalci shi ne mai mulki ya tuhumi kansa kafin ya tuhumi waninsa, domin zato ba ya zama hujja don ya fito daga bakin sarki, kuma wanda bai binciki akushinsa ba bai cancanci ya binciki zuciyar ɗan'uwansa ba.