Shayin Ruwan Jima

A shekarar da rafin garinmu ya fara wari, masu zuba jari suka ce wa Alhaji Barau, mai kamfanin jimar fata, ba za su shigo ba sai sun ga mai iya ce masa a'a.

Ya kira Jatau, mai dafa shayin ofis.

"Na sa ka a kwamiti. Gobe dole baƙi su ji a'a. Amma duk bakin da ya faɗe ta, mai shi ya bar kamfanin nan."

"To, ranka ya daɗe."

Washegari, a gaban baƙi, Jatau ya ce, "Alhaji, ruwan jimar da muke zubarwa a rafi mai tsabta ne, ko?"

"Tsaf!"

"Madalla. Da shi na dafa maka shayin nan. Bismillah."

"A'a!" Alhaji ya ture kofin.

"Baƙi sun ji a'a. In ɗauko maka jakarka, ranka ya daɗe?"

Alhaji ya goge gumi. "Zauna, ɗan banza. Nawa ne injin tace ruwan?"