Cukun da Iya Odile ta ajiye shekara hamsin da biyu

Jama'ar wannan shafi, ku gyara zama. Akwai wani mutumin birnin Lausanne na ƙasar Turawa mai suna Damien, wanda ba shi da aiki sai yawo a ƙauyukan kan duwatsu yana neman inda ake cin abinci da araha. Yana da shafi kamar namu. Inda ake narka cuku a kan dankali, inda ake sayar da ɓallin cakulan rabin kuɗi, duk ya sani. Sai dai bakinsa ba linzami. Idan ya ci a wurinka, sai ya samo abin da zai sa mabiyansa dariya a kanka.

Wata rana a watan Nuwamba ya hau wani ƙauye a kwarin Anniviers. A lokacin baƙi masu yawon buɗe ido sun watse, gidajen abinci duk a rufe. Kafin tsakar rana dusar ƙanƙara ta toshe hanya, aka ce ba bas sai gobe. Gogan naku ya zauna a tasha, ba abin ci a aljihunsa sai guntun cakulan.

Wata tsohuwa, Iya Odile, ta hango shi ta taga. Ta yafito shi da hannu ya shigo. Ta ce motar da ke kawo kayan kanti kwana uku ba ta hau ba, amma akwai dankali da burodi. Sai ta dube shi da kyau.

"Ɗana, gayan dankali ba zai riƙe ka ba. Jira ni."

Ta sauka ɗakin ajiya na ƙasa, ta daɗe sosai. Da ta dawo, rungume take da wani dunƙulen cuku da ya yi duhu, an zana gicciye da wasu lambobi a bayansa. Wuƙa ta ƙi shiga, sai da ta ɗauko ƙaramin gatari. Damien ya ci har ya yi gyatsa, ta ba shi ɗakin kwana, ta kuma ƙi karɓar ko sisi.

Kun san abin da bawan Allah nan ya yi? Ya ɗauki hoton cukun, ya rubuta cewa yau ya samu abinci mafi araha a ƙasar, kyauta, amma tsohuwar ta kwaso masa dutsen da ta manta a ɗakin ƙasa, kuma duk mai zuwa ya taho da haƙoran aro. Mutane suka yi ta dariya suna yaɗawa. Wallahi har yanzu idan na tuna raina ɓaci yake.

Da safe bas ya iso. Direban, Basile, ɗan ƙanen Iya Odile ne. Ya karɓi tikiti bai ɗago kai ba, ya ce, "Malam mai haƙora, ka karanta lambar da ke bayan dutsen?"

Damien ya ce bai kula ba.

Basile ya gaya masa shekarar auren Iya ce. Ranar bikinta aka ajiye dunƙule biyu, ɗaya nata ɗaya na mijinta, don a ciyar da masu zuwa jana'izarsu. Na mijin an ci shi shekara tara da suka wuce. Wannan shi ne nata. Shekara hamsin da biyu tana sauka tana goge shi tana juyawa, kullum fargabarta kada ya kasa isar jama'a ranar da za a binne ta.

Abin da ya fi kashe Damien shi ne ya san al'adar. Kakansa ɗan kwarin ne, yana yaro ma ya ci irin wannan cuku a jana'izarsa. Neman abin dariya ne ya rufe masa ido.

Ya sauka daga bas, ya goge rubutun, ya koma gidan Iya Odile, kansa a ƙasa. Yana fatan ba ta gani ba. Ashe matar Basile ta riga ta nuna mata tun da sassafe. Ya fara ba da haƙuri, ya ce zai sayo mata cuku mafi tsada a Lausanne. Ta yi murmushi ta ce wanda zai sayo bai san mijinta ba.

"Ranar jana'izata ba zan ga masu ci ba, ɗana. Kai na ga kana ci, na ji daɗi. Je ka, kada bas ya tafi ya bar ka."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

A watan Afrilu Iya Odile ta rasu. Basile ya aika masa, ya zo. Bayan an fito daga coci aka ɗora cukun a tsakiyar tebur, ga giɓin gatari kowa na gani, kuma babu wanda bai san wanda ya ci wurin ba. Aka yi ta yanka ƙanana ƙanana, duk da haka bai kai mutanen da ke can baya ba. Damien ya laɓe a bakin ƙofa, ya ƙudurta ba zai taɓa ba.

Sai ga Basile ya ratso jama'a da faranti, a kai wani yanki siriri kamar takarda.

"Tun hunturu ta sa na cire maka naka. Ta ce a fere maka shi sosai, haƙoranka ba su da ƙwari."

Ba wanda ya yi dariya. Damien ya sa shi a baki, ya narke nan take.

Darasi: Kafin ka raina abin da aka miƙo maka, ka tambayi abin da mai bayarwa ya rasa don ka samu. Rubutu ana gogewa, amma wanda ka ci wa fuska ya riga ya karanta. Ku tura wa duk wanda hannunsa ke saurin ɗaukar hoto kafin bakinsa ya ce na gode.