Shafin da Orville Bai Karanta Ba

A cikin duwatsun gabashin jihar Kentucky ta ƙasar Amurka, a wani kwari mai rafi ɗaya da hanya ɗaya, an yi wani mutum mai suna Orville Tackett. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana haƙar kwal a ƙarƙashin ƙasa, har huhunsa ya gaza aka sallame shi. Mutum ne mai kyauta, ba ya ƙarya, ba ya taɓa kayan wani. Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishe shi: bai iya jira ba. Ba ya barin mutum ya kai ƙarshen zance, kuma hannunsa ya fi kunnensa sauri. Ya taɓa karya wa abokin aikinsa muƙamuƙi da naushi ɗaya, don ya ji rabin magana ya ɗauka zaginsa ake yi. Ya taɓa harbe karen mai wa'azin cocinsu bisa zargin cin kaji, kashegari aka kama yanyawa a cikin akurkin.

Mutum ɗaya ne ke iya tsokanarsa ya kwana lafiya, shi ne maƙwabcinsa Hobart Napier. Tare suka tashi, tare suka shiga ramin kwal. Hobart siriri ne mai bakin barkwanci, in ya hango Orville yana huci sai ya ce, "To, tukunya ta tafasa, a matsa kada ta ƙona mutane." Orville ya zage shi, su zauna su sha kofi.

Gidan su Orville akwai wani tsohon ciwo. A shekarar 1911 aka kashe kakansu, Elzie Tackett, a mashigar rafi. Mahaifinsu yana da shekara huɗu a lokacin. Ya tashi maraya, ya girma da giya da duka, ya mutu bai taɓa faɗin wanda ya yi kisan ba. Duk bulalar da Orville ya sha a hannun ubansa, a zuciyarsa wannan makashin da bai sani ba yake ɗora wa.

A bazarar 1983 yayarsa mai suna Wanda, wadda ta yi ritaya daga koyarwa, ta ɗaura niyyar tattara tarihin zuriyarsu. Idonta ya yi rauni, ba ta tuƙi, don haka Orville ne ya kai ta kotun gunduma a akori-kurarsa ran wata Talata da hantsi.

Akawun da ke kula da tsofaffin takardu wata dattijuwa ce, Malama Geneva. Ta ɗauko musu wani ƙaton kundi mai bangon fata, ta aje a kan tebur. Wanda ta sa tabarau, tana bin layi da yatsa. Ba a yi rabin awa ba Orville ya fara kai da kawo.

"Yaya, sai yaushe? Ƙafata ta yi tsami."

"Nemi kujera ka zauna. Matattu ba sa sauri."

Can sai yatsanta ya tsaya. Ta karanta a hankali. An tsinci Elzie Tackett kife a cikin ruwa, yana dawowa daga injin niƙa. Harsashi biyu a baya. An fasa masa kai da gindin bindiga har ba a gane fuskarsa, sai da rigarsa aka shaida shi. Garin masarar da ya niƙo ya watse a bakin rafi ya cakuɗe da jini. A ƙasan shafin an rubuta cewa ana tuhumar John Napier da wannan kisa.

"Wa kika ce?" in ji Orville.

"John Napier. Tsaya mana, ban gama ba."

Amma Orville ya riga ya bar ɗakin a zuciyarsa. Ya san sunan. A falon Hobart akwai hoton wani tsoho mai gemu, zaune da bindiga a kan cinya. Sau dubu ya sha kofi a ƙarƙashin hoton nan, sau dubu Hobart ya ce, "Kakana ke nan, John Napier."

Malama Geneva ta ga yadda fuskarsa ta canja. Ta ce, "Malam, wannan tuhuma ce kawai. Yadda shari'ar ta ƙare yana kundi na gaba, yana ɗakin ƙasa, yanzu zan sauka in ɗauko. Sannan ku tsallaka ɗakin karatu ku duba ƙidayar jama'a ta 1910. 'Yan Napier sun cika gundumar nan, kuma kusan kowane gida da John ɗinsa. Ba a yanke magana da suna kaɗai."

"Na ji abin da na zo ji," in ji Orville.

Wanda ta riƙe masa hannun riga. "Orville, don girman Allah ka zauna."

Ya fizge har ta bugu da gefen tebur, tabaranta ya faɗi ƙasa. Bai waiwaya ba.

Mil goma sha tara ne daga kotun zuwa kwarinsu, kuma kowane mil ƙara masa wuta yake yi. Ya tuna yadda Hobart ya ɗauki akwatin gawar mahaifinsu. Ya tuna barkwancinsa. Duk sai suka juya masa suka zama raini. Ya ce a ransa, ashe sun sani, shekara da shekaru suna yi mana dariya.

Ya tarar da Hobart a tsakar gida yana faskare da rana tsaka. Matarsa Ozella tana baranda tana gyaran ɗanyen wake. Orville ya taka birki har motar ta ture shingen kaji.

Hobart ya ɗago, ya share gumi. "Kai tsoho, shingen nan me ya yi maka? Ko Wanda ta gano cewa kakanninka ɓarayin alade ne?"

"Kakanka ne ya kashe kakana."

"Wa? Kakana John?" Hobart ya fashe da dariya, don ya zaci wasa ne. "Mutumin da ko kaza sai kakata ke yanka masa?"

Dariyar ce ta ƙarasa abin. Orville ya kai masa naushi a baki, haƙora biyu suka zube. Hobart ya faɗi kan tarin itace, ya tofar da jini, ya dubi abokinsa cikin mamaki.

"Ka haukace ne? Tsaya ka faɗa mini abin da ka gani!"

"A rubuce yake! A kotu!"

Orville ya sake yin kansa. Hobart ya rarumi guntun itace ya jefe shi, ya tsaga masa gira. Jini ya rufe wa Orville ido ɗaya. Ya laluba ƙasa, hannunsa ya faɗa kan ƙotar gatari da aka cire wa kai. Duka na farko ya sauka a hannun da Hobart ya ɗaga don kare kansa, aka ji ƙashi ya ɓalle. Ozella ta watsar da kwanon wake ta rugo tana ihu, ta rungume Orville ta baya.

"Orville! Hobart ne fa! Hobart ne!"

Ya wurgar da ita, ta daki matakalar baranda, kafaɗarta ta goce. Hobart yana jan jiki da gwiwa yana neman isa wurinta lokacin da duka na biyu ya same shi a haƙarƙari. Na uku a ƙeya ya sauka. Daga nan bai ƙara motsi ba.

Tsakar gidan ya yi tsit, sai kukan kaji da nishin Ozella. Orville ya tsaya yana haki, tari ya sarƙe shi. Ya dubi ƙotar, ya ga gashi fari manne da jini. Ya sake ta. Yana nan tsaye a wurin har 'yan sandan gunduma suka iso suka sa masa ankwa.

Ran kwana na uku Wanda ta zo ganinsa a ɗakin tsaro, da takardu uku a hannunta. Ba ta gaishe shi ba.

"Hobart ya cika yau da safe," in ji ta.

Orville ya runtse ido, amma ya daure ya ce, "Jininmu suka fara zubarwa."

"Rufe mini baki. Yau za ka saurara har in gama."

Ta manna takarda ta farko a jikin ƙarfen da ya raba su. "Wannan ƙidayar 1910 ce. John Napier biyu ne a yankinmu. Ga ɗaya, shekara arba'in da shida, manomi, da mata da 'ya'ya bakwai, na ukunsu shi ne mahaifin Hobart. Ga ɗayan a shafi na gaba, shekara ashirin da uku, ba mata, ɗan haya a sansanin masu yankan katako. Ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba."

Ta ɗaga ta biyu. "Wannan daga kundin da ka ƙi jira ne. An yanke wa John Napier mai yankan katako ɗaurin rai da rai. Rigima suka yi da Kaka Elzie a kan alfadari, ya yi masa kwanton ɓauna."

"Yaya..."

"Ban gama ba." Ta ɗaga ta uku. "Sunayen shaidu. Mutanen kwarin duk tsoron 'yan katako suke yi, kowa ya ce bai ga komai ba. Mutum ɗaya ne ya tsaya gaban alƙali ya nuna makashin da yatsa. John Napier manomi. Shi ya tsamo gawar daga ruwa, ya saɓa ta a kafaɗa har gida. Bayan shari'ar da wata guda aka ƙone masa rumbu da dawakai biyu a ciki, wannan ma yana cikin kundin. Jikansa ka kashe, Orville."

Orville ya durƙushe, ya shiga buga goshinsa a jikin ƙarfen, sau ɗaya, sau biyu, har ɗinkin girarsa ya warware jini ya sake zuba. Sai da gandirobobi biyu suka danne shi. Wanda ta ninke takardunta, ta fita tana share ido.

Da aka zo shari'a bai musa komai ba. Alƙali ya yanke masa shekara ashirin. Ana fitowa da shi, Ozella ta tare hanya, hannunta rataye a wuya. 'Yan sanda suka so janye ta, ta ce tambaya ɗaya kawai za ta yi masa.

"An ce ka yi kuskuren suna, kowa sai maimaitawa yake yi kamar shi ne abin baƙin cikin. To, a ce ma kakansa ne ya yi. Shi Hobart me ya yi maka?"

Ozella ta jira shi, ta ba shi lokaci sosai. Da ta ga babu amsa, sai ta matsa gefe aka wuce da shi. Shekara shida ya yi a kurkuku huhunsa ya ƙarasa shi, kuma Wanda kaɗai ta je jana'izarsa.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Rabin labari ya fi rashin sani haɗari, domin wanda bai sani ba yana tambaya, wanda ya ji rabi kuwa gani yake ya gama sani. Duk mai tonon tarihin iyayensa ya riƙe cewa suna ɗaya ba mutum ɗaya ba ne, tuhuma ba hukunci ba ce, kuma ba a tsayawa a takarda guda sai an gwada ta da wata. Ko gaskiyar ta fito da ɗaci, laifin wanda ya mutu ba ya hawa kan jikansa. Mu koyi sauraro har ƙarshe, mu riƙe hannunmu lokacin fushi, domin abin da hannu ya ɓata cikin minti ɗaya, nadamar shekaru ba ta gyara shi.