Taswirar da Gara Ta Cinye

Akwai wani malamin makaranta a Sabon Gari, Malam Celestine, mutumin Gabas, mai farin wando da alƙalami biyu a aljihu. Yana da taswirar duniya da ya sayo daga Ikko, ko ɗalibansa ba ya bari su taɓa ta.

A ƙofar makarantar wata tsohuwa 'yar Fagge, Inna Asama'u, take kasa kayan miya. Shekara talatin ta yi tana talla a tashar jirgi kafin gwiwa ta hana ta bin taragu. Celestine ya sha korar ta, wai nan gidan ilimi ne, ba kasuwa ba. Ita kuwa sai ta matsa taku biyu ta ci gaba da cinikinta.

Rannan aka aiko cewa sufeto, Malam Wali, zai zo ran Alhamis ya ga darasinsa a kan yawan mutanen duniya da ƙaurarsu. In bai gamsu ba, aiki ya ƙare, sai jirgin komawa gida, ga matarsa Obiageli da tsohon ciki.

Ran Laraba ya buɗe akwati. Gara ta cinye taswirar, sai ɗan gefen teku ta bar masa.

Ya zauna a dakali ya yi tagumi. Inna ta dube shi ta ce, "Malam, yau ina bakin?"

Ya gaya mata. Ta tambaye shi me takardar take faɗa, ya ce tana nuna yadda mutane suke barin gari su koma wani. Ta ja tsaki.

"Wannan har sai da takarda? Gobe ka share min tsakar aji."

Washegari, a gaban sufeto, ta ja layin dogo a ƙasa da gawayi. Ta ajiye manja a ƙarshen kudu, goro a yamma, kanwa a gabas, dabino can arewa. Ta ce babu kayan da ya zo Kano da ƙafarsa, kowanne mutum ne ya ɗauko shi, kuma da yawansu ba su koma ba. Ta zuba gero tafi ɗaya a tsakiya, Kanon ƙuruciyarta ke nan. Ta juye mudu a kai, ga Kanon yau.

Sai ta sa kowane yaro ya tsaya inda kakansa ya fito, Celestine yana tambayarsu abin da ya taso su: fari, fatauci, aikin jirgi. Ita ma ta je ta tsaya kan dabino, don kakanta da raƙumi ya sauka Fagge. Ta kalli sufeto.

"Kai ma, ranka ya daɗe, da wannan dogon hancin, da shanu kakanninku suka shigo."

Malam Wali ya yi dariya ya shiga layi. Da aka tashi ya tambayi Celestine wa ya tsara wannan. Celestine ya sunkuyar da kai ya ce Inna ce. Sufeto ya ce malamin da ya san inda zai nemo ilimi, ba a sallamarsa.

Celestine ya ɗauko mata kujerarsa har ƙofa. Ta ce, "Ajiye abarka. Ka dai daina hararar faifaina."

Darasi: Kada ka raina wanda bai yi boko ba, ta yiwu abin da kake nema a akwati yana zaune a ƙofarka. Kuma kafin ka kira wani baƙo, tambayi inda kakanka ya fito. Ku tura wa 'ya'yanku su karanta.