Jakar da Aka Bari a Gindin Jirgi

Kun ishe ni da tambayar me ya sa na tsani mai ƙyashi. Komai sai an tauna muku? To, ku kama bakinku ku ji.

Akwai wata tela da kowa ke kira Yaya, suna ɗinki a shago ɗaya da autarsu. Ita ta koya wa Auta riƙe almakashi, amma yanzu duk wadda ta shigo sai ta tsallake kekenta ta ce Auta take nema. Yaya sai dai ta yi yaƙe.

Wata attajira za ta aurar da ɗiyarta a wani gari, sai ta ba Auta ɗinkin rigar amarya, ta kuma saya mata tikitin ƙaramin jirgin sama, irin mai farfela biyu, tafiyar minti arba'in. Na Yaya kuwa sai da Auta ta roƙa aka ƙara. Wannan ya fi komai ci mata rai.

Jirgin nan matsattse ne, babbar jaka ba ta shiga. A gindin matakala aka karɓi ta rigar, aka ɗaura mata jar takarda. Da aka kusa sauka, ma'aikaciya ta sanar cewa mai jar takarda ya ɗauki jakarsa a gindin jirgi, ba a cikin ɗakin karɓar kaya ba. Yaya ta ji sarai. Auta kuwa kanta na cikin leda tana amai, kunnuwanta a toshe.

Suna sauka Yaya ta hango jakar a kan amalanke, iska tana kaɗa takardar. Ta waiwaya ta dube ta, ta wuce.

Auta ta tambaya a galabaice, "Yaya, ina za mu karɓi jakar?"

"A ciki mana, inda kowa ke karɓa. Ashe akwai abin da ba ki iya ba?"

Suka tsaya har kayan kowa suka ƙare. Jirgin ba ya zama, garuruwa yake zagawa. Da ba a ga mai jakar ba, aka ɗauka ta masu wucewa gaba ce, aka mayar da ita cikin jirgin. Aka ce sai jibi za ta dawo. Biki kuwa yau ne da yamma.

Amarya ta fito da rigar aro. Uwarta ta wanke Auta tas a gaban mata. Yaya har da ba da haƙuri, zuciyarta fari ƙal.

A hanyar dawowa suna zaune, gwiwa na gugar gwiwa, Auta ta ce a hankali, "Yaya, na ga sa'ad da kika waiwaya. Ban gane abin da kike kallo ba sai daga baya."

Yaya ta yi kamar ƙarar farfela ta hana ta ji.

Washegari Auta ta ɗauke kekenta, ko ƙararta ba ta kai wa kowa ba. Sannu a hankali masu ɗinki suka bi ta. Yau Yaya tana bakin ƙofa ita kaɗai, ta ɗaga allura wajen haske, zare ya ƙi shiga, ba mai sa mata.

Darasi: Wanda ya zura ido ɗan'uwansa ya kunyata don ya huce, kunyar za ta wuce, ɗan'uwan ne ba zai dawo ba. Ku tura wa wasu su ji. Ku kuma, ku ajiye wayoyin nan ku tashi ku kwanta, kada in sake faɗa.