Waziri Buwai da Goro Biyu

A zamanin da, an yi wani sarki da aka sace masa sabon rawani mai shuni, wanda ko taɓa shi bai yi ba tukuna. Ya fusata, ya ce, "Duk wanda ya ɗauki rawanin nan, hannunsa zai yi shuni." Kafin azahar dogarai suka jawo wani falke, Jatau, hannunsa shuɗi har wuyan hannu. Sarki ya ce a yanke hannun.

Waziri Buwai kuwa mutum ne mai ji da kansa, kullum kukansa ba a yaba masa daidai basirarsa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya miƙa wani ƙulli.

"Allah ya ja zamaninka, kwance wannan da hannunka mai albarka. Na san shawarata ba ta da kasuwa, amma a yi wa tsohon bawa haƙuri."

Sarki ya kwance ƙyallen, ya tarar da goro biyu, fari da ja. Buwai ya jera su a kan buzu.

"Farin nan shi ne 'ya ɗauki rawani'. Jan nan shi ne 'hannu ya yi shuni'." Ya ɗora tsinke, tsininsa na duban jan. "Zancenka, Zaki, daga fari ya tashi ya sauka kan ja. Dogarai kuwa daga ja suka taso, wai su iske fari."

"Waziri, hanyar da ta kai ka kasuwa ai ita ke maido ka gida."

"Haka ne, ranka ya daɗe. To, dubi yatsunka."

Sarki ya duba. Shuɗi! Ashe ƙyallen turkuɗi ne, sabo daga marina.

Buwai ya sunkuyar da kai kamar mai jimami. "Kaicona! Ni ne yau zan ce dogarai su kama Zaki?"

 Sai Sarki ya fashe da dariya, ya tambayi Jatau abin da yake fatauci.

"Turkuɗi, ranka ya daɗe," in ji shi.

Nan take aka kwance shi, aka sa masa riga. Aka yi shela: shuni ba ya yanke hannu sai da shaida.

Buwai ya tattara goronsa yana ƙunƙuni, wai falke aka tufatar, mai basira ko hula. Amma ranar, don yadda kansa ya kumbura, da ƙyar ƙofar fada ta ishe shi fita.