Dalmar da Vicko Bai Gani Ba

A wani tsibiri na gaɓar Dalmatiya an yi wani masunci mai suna Vicko. Gwani ne a ruwa, sai dai ba ya iya jin an yabi wani ransa bai ɓaci ba. Kwalekwalen da ya gada wurin mahaifinsa, irin mai ƙyalle da iska ke turawa, shi ke cinye tseren garin kowace shekara.

Sai Dujam, abokin wasansa na ƙuruciya, ya dawo gida. Masanin kimiyyar fiziks ne da ya tsufa a jami'a, amma zuciyarsa na teku. Ya ƙera wa masunta fitilar da ruwa ba ya kashewa, da wani ɗan ma'auni mai sanar da zuwan guguwa. Ko'ina sai "Farfesa, Farfesa", abin yana ci wa Vicko tuwo a ƙwarya. Daga nan Dujam ya ɗinka wa kwalekwalensa wani dogon ƙyalle siriri, ya shiga tsere, ya bar Vicko a baya. Ranar nan Vicko ko miyar kifi bai iya sha ba.

Al'adar garin ce idan sanyi ya wuce maza su taru su jawo kwalekwalen kowa kan tudu, a kankare cikinsa a shafe da kwalta. Da aka zo kan na Dujam, da kansa ya je ƙofar Vicko.

"Ɗan'uwa, zo ka kama mana igiya. Akwai abin da nake so ka gani a ƙasan jirgin nan."

"Ashe ilimin bai kai ya jawo maka jirgi ba, Farfesa? Bayana ke ciwo."

Matarsa Mandica ta leƙo ta taga. "Bayanka ko zuciyarka?"

Bai je ba. Ya gwammace ya laɓe bayan itatuwan zaitun yana ƙare wa ƙyallen kallo, har ya ɗinka irinsa, ya ma ƙara masa tsawo don ya nuna wa Farfesa iyakarsa. Duk wanda ya ja igiya ranar nan ya ga ƙatuwar dalmar da Dujam ya ɗaura a ƙasan jirginsa don ta riƙe shi kada dogon ƙyallen ya kifar da shi. Vicko kaɗai ne bai gani ba, kuma ba mai iya gaya masa, don da an ambaci Dujam sai ya tashi.

Ranar tsere Vicko ya wuce kowa, har yana waiwaye yana dariya. Suna zagaya dutsen bakin mashigar ruwa sai iskar arewa ta sauko daga tsaunuka. Jirgin Dujam ya karkata ya miƙe. Na Vicko ya karkata ya kife, igiyar ruwa ta maka shi da dutse.

Dujam ya bar tseren ya juyo, ya kamo Vicko ta wuyan riga. Vicko ya zauna yana kakarin ruwan gishiri, yana kallon katakon kwalekwalen mahaifinsa na watsewa.

"Me ya hana naka kifewa?" ya tambaya da ƙyar.

"Abin da na kira ka ka gani," in ji Dujam.

Darasi: mai hassada abin da ya fito fili kawai yake gani, ba ya matsowa kusa balle ya san abin da ke riƙe da shi. Idan Allah ya ɗaukaka ɗan'uwanka, kama masa igiya ka tambaye shi. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.